Shok Uku da Gorar Nono

Cikin duk kwanakin da na yi ina riƙe da sifana, akwai wata Alhamis da har yau ba ta bar raina ba. Ita ce ranar da na shiga ofishin Baturen injiniya ɗauke da ƙore uku a kan faranti, foman yana biye da ni yana ta salati. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku da kuka buɗe ido kuka tarar da kowane babur da shok ɗinsa, ba za ku gane abin da ya kai ni ba.

A tsakiyar shekarun hamsin ne. Na bar soja da igiya biyu, shi ya sa har gobe a Kwarbai ba a san ni da Sale ba sai Kofur. Na samu aiki a wani garejin hukuma da ke cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Tsarin wurin haka yake: a sama akwai Baturen injiniya, wanda muke kira Mai Lofe don lofe ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki. Ƙarƙashinsa foman, Malam Tanko, Bakano, mutumin kirki amma matsoraci in an zo batun takarda. Sai makanikai masu daraja ta ɗaya, sai mu masu ta biyu. Ni aka ba baburan ma'aikatan rangadi, wato malaman gona, malaman dabbobi da malaman asibiti masu zaga ƙauyuka. Kowane babur yana da katinsa, kuma ba a sauya ko noti sai an rubuta a katin, foman ya sa hannu. Babban gyara kuwa sai Mai Lofe ya gani da idonsa.

Tsofaffin baburan da muka fara da su ba su da komai a baya. Ƙarfe ne ɗaya daga wuya har taya, sai sifirin biyu a ƙarƙashin sirdi. Daga baya aka kawo sababbi masu shokazoba biyu a baya, mu dai shok muke cewa. Ga wanda bai sani ba, shok sifirin ne a waje, a cikinsa akwai bututu mai mai. Sifirin ya karɓi duka, man ya hana shi yin tsalle da mutum. Abin ya yi daɗi, sai dai waɗanda suka zo da baburan ba a yi su don burjinmu ba. Damina ɗaya sai ka ga mai yana zuba, babur yana rawa da mai shi kamar jakin da ƙuda ya dama.

Wanda abin ya fi ci shi ne Malam Istifanus, malamin asibiti daga Wusasa. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, kuma dariyarsa tana riga shi shiga gareji. Aikinsa kai wa kutare ƙwaya a ƙauyukan yamma, bayan dutsen Kufena, Litinin da Talata da Laraba, kowace rana da nata zagayen, amma duk ta hanya ɗaya yake fita ya dawo. Wata safiya ya shigo babu dariya. Ya sauka daga babur a hankali, yana dafe da ƙugu, ya miƙa mini wata takarda.

"Kofur, karanta ka ji abin da bayana ya jawo mini."

Daga likita ce. Ta ce ƙarshen wata za a sake duba shi. In bai iya sunkuyawa ya miƙe ba tare da ya dafa wani abu ba, za a cire shi daga rangadi a zaunar da shi a sito yana liƙa takarda a jikin kwalabe.

"Ai hutu ne, Malam," na ce. "Wasu roƙo suke a ba su."

"Hutun me? Shekara tara ina bin mutanen nan kafin su yarda su riƙa fitowa. An taɓa tura wani a madadina, ya ajiye musu ƙwaya a kan dutse ya ja da baya. Rabinsu ba su ƙara zuwa ba sai da na dawo. Kai dai ka gyara mini abin nan."

Sauran mako uku ke nan. Na kai wa Malam Tanko magana, ya kai wa Mai Lofe, aka aika kantunan Sabon Gari a samo na canji. Ba na kamfanin da ya ƙera babur ɗin ba ne, na wasu ne daban masu yin irinsu, kuma iri uku aka samo. Ba mu wahalar da bakinmu da sunayensu ba, launi muka bi. Akwai Fari, mai ƙyalli, sifirinsa laushi kamar katifar rimi. Akwai Baƙi, gajere mai kauri, wanda aka yi don babur mai jan akwati a gefe. Sai Ja, wanda yake da wani zobe a gindi mai mataki uku, in ka murɗa shi sifirin ya ƙara tauri.

Mai Lofe ya ce a yi gwaji bisa ƙa'ida. Aka ɗora Malam Istifanus a sikeli, aka ɗora akwatin maganinsa, aka duba littafi. Sannan ni da kaina na hau, na je tashar jirgi na dawo da kowane ɗaya. Baƙi ya kusa zubar mini da haƙora. Ja ba laifi. Fari kuwa, wallahi kamar a kwalekwale nake. Malam Tanko ya ce shi dai duk abin da ake murɗawa ba ya son sa, don ɗan ƙauye zai murɗa ya lalata. Mai Lofe ya tambaye ni ra'ayina, na buga ƙirji na ce Fari. Ku lura, ba wanda ya tilasta ni. Ni na zaɓa, ni na ɗaura, har ina gaya wa Malam Istifanus ya shirya tukuici.

Bayan mako ɗaya ya dawo ya fi dā lalacewa. Sai da lebura biyu suka kama shi ya sauka. Kunya ta rufe ni, ga Malam Tanko yana cewa, "Ka ga aikin Zazzagawa, sun gyara babur sun karya mai shi." Na kwance shok ɗin na duba. Ba ya zubar da mai, sifirin lafiya lau. Amma robar da ke can ƙarshe, wadda ke hana ƙarfe haɗuwa da ƙarfe, ta daku ta zama kamar ƙuli. Cikin madigadi kuma duk shatin taya. Wannan ba ya faruwa sai an danne babur har ƙasa.

"Malam, me kake ɗauka a babur ɗin nan?"

"Akwatin magani mana. Ba kullum kana ganina ba?"

Gaskiya ne, kullum ina ganinsa, kariyar ɗora kaya da ke bayan babur ɗinsa fayau in ban da akwatin. Amma roba ba ta ƙarya, shi kuma da ya ba ni amsa ƙasa yake kallo. Na je wurin Malam Tanko na ce a ba ni kwana uku in bi shi rangadi da babur ɗin gareji, in tafi da Baƙi da Ja a jaka. Ya yi ta jan ƙafa, ya ce injiniya ya riga ya sa hannu a kan Fari. Na ce to in aka zaunar da mutumin nan a sito, katin da hannun waye a ƙasa? Ya duba katin, ya ga nasa hannun, ya ce in tafi.

Ranar Litinin muka fita ta Ƙofar Kuyambana da hantsi, Fari yana ɗaure. Ina bayansa ina kallo. Babur yana shanye gargada lafiya lau, Malam har waƙar coci yake yi. Na ce a raina, to ina matsalar?

A ƙauyen farko mutane kamar talatin suna zaune a gindin kuka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kama hannun kowa ya gaisa, wanda ba shi da yatsu ya kama dungun, ya tambayi iyali da sunayensu, ya sa ƙwaya a baki ya ba da ruwa. Ni ina gefe, kuma ba zan ɓoye muku ba, hannuwana suna cikin aljihu. Da aka gama sai wata tsohuwa ta jawo kabewa da gwiwar hannu ta turo gabansa. Wani ya kawo damin rake. Wani ya kawo zakara. Malam ya karɓi kowane da hannu biyu, ya yi godiya kamar an ba shi doki, ya fito da igiya daga aljihun da ban san yana da shi ba.

Ƙauye na biyu masara da curin mazarƙwaila. Na uku rabin buhun gyaɗa. Kafin la'asar ba a ganin fitilar baya. Na ja shi gefe.

"Malam, wannan ne akwatin maganin?"

Ya yi 'yar dariya, sannan ya daina. "Kofur, mutanen nan in sun kai kaya kasuwa ba mai saye. In sun ba maƙwabci, sai ya ce a ajiye a ƙasa, in sun juya baya ya ba awaki. Ni kaɗai nake karɓa daga hannunsu in ce na gode. Ran da na ce babur ba zai ɗauka ba, ka san abin da za su ji? Ba babur za su ji ba."

"To don me ba ka gaya mana ba?"

"Ƙa'ida ta hana ɗaukar kayan kai a babur ɗin hukuma. In na faɗa, ba sai an jira likita ba."

Ashe gidansa na Wusasa yana kan hanya, can yake sauke komai, matarsa ta rarraba wa maƙwabta da majinyata, shi kuma ya shigo mana birni da kariya fayau kamar waliyyi. Mu kuma muka auna mutumin da ke fita, muka manta da wanda ke dawowa.

Kafin mu kama babbar hanya akwai wata ruga. Wata Bafillatana, Dada Hajjo, wadda ya taɓa yi wa ɗanta magani, ta tsayar da mu ta ɗura kindirmo a gora har rabi, ta toshe da totuwa, ya ɗaure a saman kayan. A gabana ta ɗura, sumul yake, ba gudaji. Muka kama hanya, mil goma sha biyar na burji. Nan na ga abin da Fari ke yi in an danne shi. Sifirin ya riga ya lanƙwashe har ƙarshe tun babur yana tsaye, ba sauran inda zai je. Kowane rami ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, dukan ya bi sirdi ya shiga ƙashin bayan Malam. Ina jin ƙarar daga inda nake, ƙwas, ƙwas, zakara yana amsawa.

A Wusasa matarsa, Malama Rahila, ta kawo mini ruwa da tabarmar salla. Da na idar na tarar tana juye gorar a ƙwarya, sai ga curin man shanu ya faɗo, ya kai dunƙulen hannuna.

"Allah ya yi maka albarka, Kofur," ta ce. "Tun da ka sa masa wannan farin ƙarfen na daina sayen mai. Dā ɗan kaɗan yake fitowa, yanzu har maƙwabta nake ba."

Malam ya fashe da dariya har ya kama ƙugu. Ni kuwa tsayawa na yi ina kallon curin. Fulani suna kaɗa nono a gora ne su fid da mai, kowa ya sani. Wato abin da ya yi wa nonon nan, shi yake yi wa bayan mutumin nan. Ba mu da wata na'urar auna girgiza a gareji, ga ta kuwa Dada Hajjo ta ba mu kyauta. Na roƙi Malama Rahila ta ajiye mini curin a ruwan sanyi, kada ta taɓa.

Talata da sassafe na ɗaura Baƙi a ƙofar gidansa. Na yi abin a tsarin soja: gora ɗaya, nono iya wuri ɗaya, igiya ɗaya, gudu ɗaya. Tafiyar fita ta zama azaba, don babu nauyin da zai lanƙwasa sifirin, kwalabe suna ta kaɗawa a akwati har ɗaya ta tsage. Malam ya tsaya sau biyu yana miƙa. "Kofur, in kana da wata ƙullalliya da ni ka faɗa mini da baki." Da dawowa kuwa, da kaya suka hau, sai Baƙi ya yi hankali. Curin ranar bai wuce ƙwan kaza ba. Malama Rahila ta dube shi ta ce wannan baƙin ƙarfen marowaci ne.

Laraba aka zo kan Ja. Sifanar zoben ba ta zo tare da shi ba, don haka tun a gareji na yanko wani tsohon ƙarfe na lanƙwasa bakinsa kamar ƙugiya. Da fita na sa zoben a matakin farko. Bai kai Fari laushi ba, amma ba wanda ya yi ƙorafi. A rugar Dada Hajjo, bayan an gama ɗaure kaya, na miƙa wa Malam sifanar na ce ya murɗa da kansa zuwa mataki na uku, hagu da dama, don ba kullum zan bi shi ba. Babur ya ɗago kamar an cire masa rabin kayan. Dada Hajjo tana kallonmu ta ce, "Yau kwana uku kuna karɓar nono kuna leƙen gindin babur. Lafiya dai ko?" Muka ce lafiya lau, Dada, aikin hukuma ne.

Da muka isa Wusasa Malam ya sauka da kansa, bai nemi kafaɗata ba. Malama Rahila ta juye gora, nono ya zubo nono, sai 'yan ɗigo-ɗigon mai a sama. Ta ɗaga kai ta dube ni.

"To ka cuce ni, amma na yafe."

Ga mu a ranar Alhamis ɗin da na fara ba ku labari. Ƙore uku a faranti, Malam Tanko yana cewa zan sa a kore mu duka, Malam Istifanus yana biye. Na ajiye a teburin Mai Lofe, na ƙame, na yi bayani dalla-dalla: Litinin Fari, ga mai, Talata Baƙi, ga mai, Laraba Ja, ga nono. Ya cire lofe daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Ya sa yatsa ya taɓa babban curin. Yana jin Hausa, sai dai a karkace take fita.

"Kofur, dabara mai kyau. Amma ni na auna Malam. Ba shi da nauyi. Don me Fari ya kai ƙasa? Don me mataki uku?"

Tambayar da na kwana biyu ina tsoro ke nan. Na buɗe baki zan ce ramukan hanyar ne suka yi yawa, Malam Istifanus ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, kada ya yi ƙarya saboda ni. Kaya nake ɗaukowa."

Ya faɗi komai, kabewa, rake, zakara, da waɗanda suke ba shi, da dalilin da ba ya iya cewa a'a. Bai roƙi komai ba. Malam Tanko ya runtse ido. Ni kuwa na san in aka cire mutumin nan, ƙoren da na kawo da hannuna ne suka tona shi.

Mai Lofe ya dubi Malam Istifanus. Sannan ya tambaya, "Kana sayarwa?"

"Ko ƙwayar gyaɗa, ranka ya daɗe."

"In ka ƙi karɓa, ba za su zo shan magani ba?"

"Wasu za su zo. Da yawa ba za su zo ba."

Ya mayar da lofe, ya jawo katin babur ɗin, ya soke Fari ya rubuta Ja. "To kabewa tana cikin aikin magani. Ni injiniya ne, aikina babur ya ɗauki aikin. Kofur, a yi wa kariya ƙarin ƙarfe, kada ta karye." Muna juyawa za mu fita ya nuna babban curin man ya ce, "Wannan babba, a bar shi." Kukunsa ne ya zo ya ɗauka. Muna fita waje Malam Tanko ya ce shi tun farko ransa ya fi kwanta wa Ja, na ce haka ne, ranka ya daɗe, duk mun ji ka.

Sauran mako ɗaya ke nan kafin ganin likita, kuma shok ba ya warkar da baya, hana ƙarin duka kawai yake yi. Kwanakin nan ban ji daɗin tuwo ba. Ranar da aka duba shi ina kwance ƙarƙashin wata mota, sai na ji dariyar nan tun daga bakin ƙofa. Ya shigo tsakiyar gareji, ya zaro sifanar da na ƙera masa, ya sake ta ta faɗi ƙasa da gangan. Ya sunkuya a hankali, hannu ɗaya a bayansa, ya ɗauka, ya miƙe tsaye cak. Leburori suka sa ihu. Ni da na ga abubuwa a soja ban yi hawaye ba, ranar sai da na koma ƙarƙashin motar na ɗan jima.

Ashe labari ya riga ya kai ƙauyuka cewa saura kaɗan a ɗauke musu Malam. Litinin ɗin da ta biyo baya, da la'asar sakaliya, sai ga shi ya shigo birni bai tsaya Wusasa ba, mutanen Kwarbai suna fitowa zaure suna kallo. Rake ta ko'ina, kaji a rataye a madubi, a kan tankin mai kuma ɗan tunkiya a kwance yana kallon hanya. Ya ce rabin kayan nawa ne, sun ce a kai wa mai gyaran ƙarfe.

"Malam," na ce, "mataki na huɗu fa ba a ƙera shi ba."

"To ka ƙera, me kake jira?"

Ya ci gaba da rangadinsa har ya yi ritaya a kan ƙa'ida, a kan babur ba a sito ba.

Ku da kuke aikin nan yanzu, in ana gardamar wane shok ya fi, kuna kawo mini sunan kamfani da ƙyallin ƙarfe. Duk ukun nan ba mai aibu a cikinsu. Fari ya dace da mai tafiya shi kaɗai a kwalta, Baƙi ya dace da mai kaya safe da yamma. Kuskuren nawa ne, da na gwada babur a kan hanyar da mai shi ba ya bi, da nauyin da ba nasa ba. Mutanenmu ba sa barin baƙo ya koma hannu wofi, kuma mai hankali ba ya mayar musu da hannunsu. Don haka in mutum ya kawo muku babur ya ce tafiya mai nisa zai yi, kada ku tsaya a ina za shi. Ku tambaye shi wa ke jiransa a can, da me za su sallame shi.